Launin Kwanon Iyatu

Kankia, 9 ga Yuli, 2023

Zuwa ga Gwaggo Kubura, Kusada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Gwaggo, kafin komai ina neman afuwarki bisa damun da zan yi miki da doguwar takarda, alhali rabona da zuwa gaishe ki tun rasuwar Baba, shekara biyu ke nan. Na san akwai waya. Sai dai kunnenki ya yi nauyi, sai an ɗaga murya, wannan magana kuwa ba ta ɗaga murya ba ce, domin ɗakin mahaifiyata, Inna Rahamatu, yana jikin nawa. Shi ya sa na ba Sagir direba ya kawo miki hannu da hannu.

Muna lafiya, alhamdulillahi. Inna tana fama da gwiwa, ganinta kuma ya ƙara raguwa. Zuhura, mai ɗakina, tana gaishe ki. Ruwa ya zauna, geronmu na Rimaye ya kai gwiwa. Ɗinki ma ana taɓawa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya na buɗe akwatin littattafan Baba don gudun gara. A tsakiyar wani littafin fiƙihu na tarar da tsohon hoto, irin na da, baƙi da fari. Wata mata ce zaune a kan turmi, ta yafa mayafi, da kwanon sha mai fenti a cinyarta. A bayanta akwai bakin rijiya. A bayan hoton Baba ya rubuta da ajami: Kusada, 1974. Ban san ta ba. Na sa an yi kwafi, ga shi cikin ambulan ɗin nan.

Komai na hoton ruwan toka ne, kamar yadda ya kamata, ban da kwanon. Kwanon ina ganinsa ruwan ɗorawa. Ba mai ƙarfi ba, kamar an wanke shi sau ɗari, amma yana nan. Na nuna wa Zuhura, ta ce, "Malam, toka ce. Kai dai ka rage ɗinki da ƙaramin zare." Na nuna wa mutum huɗu a shago, kowa ya ce toka. Na duba da safe, na duba da azahar a inuwa, na duba kwafin da inji ya fitar, wanda na tabbata babu tawada mai launi a cikinsa. Duk ɗaya.

Kin san ban yi nisa a boko ba, amma ina tara ƙasidu ina karantawa. Akwai wata da aka raba mana a asibitin ido, wadda ta yi bayanin cewa ido ba shi kaɗai yake gani ba. Abin da mutum ya saba da shi, ƙwaƙwalwarsa kan shafa masa launin da ta sani. An nuna wa mutane hoton ayaba ruwan toka, suka riƙa ganinta da ɗan rawaya-rawaya, domin sun san ayaba. Akwai irin wannan hoton a cikin ƙasidar, kuma Zuhura da kanta ta yarda ta ga rawayar. To amma sharaɗin, yadda na fahimta, shi ne sai abin da ka sani. Ayaba launinta sananne ne. Kwano kuwa akwai ja, akwai shuɗi, akwai fari.

Ni an haife ni a Kankia, ban taka Kusada ba sai ina da shekara goma sha tara. Ke kaɗai kika rage cikin waɗanda suka tashi gida ɗaya da Baba. Ina roƙon ki gaya mini wace ce wannan mata, kuma idan kin tuna, wane launi ne kwanon.

Ɗanki,
Abdulmannan

Kusada, 16 ga Yuli, 2023

Abdulmannan ɗan Malam Babba, sarkin takardu,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka. Muna lafiya, sai ciwon baya na tsufa. Ka gaida Rahamatu, ka ce mata ta daina zama a kan siminti. Ka gaida Zuhura, ita ce mai hankalin gidan.

Wato tsakanin Kankia da Kusada har sai an yi ambulan da kwafi? Wanda ya taso daga wajenku da shayi a hannu zai iso nan bai huce ba. Halin ubanka ka ɗauko, shi ma in zai tambayi gishiri sai ya fara da gabatarwa.

Matar nan Iyatu ce, 'yar'uwarmu. Ta rasu tun kafin ka yi wayo, Allah ya jiƙanta. Wurin kuwa tsakar gidan kakanmu ne. Rijiyar an cike ta tuntuni, yanzu ɗakin awaki ne a kai.

Amma ni abin da ya hana ni sukuni shi ne ka ce kana ganin abin da mutum biyar ba su gani ba. Ɗana, ba a zama ana ƙura wa hoton mamaci ido safe da azahar. Na karantar da yara shekara talatin a Islamiyya, na ga yadda irin wannan yake farawa. Ga tazargade da habbatus sauda na ba Sagir, ka riƙa turara ɗakinka, ka riƙe azkar. Ka koma wurin masu idon nan su duba ka da kyau, ba takarda za su ba ka ba. Hoton kuma ka mayar da shi inda ubanka ya ajiye. Shi da ya sa shi cikin littafi ya rufe, ai ya san abin da yake yi.

Kada ka nuna wa Rahamatu. Tsohuwa ce, ba ta buƙatar tuna matattu.

Gwaggonka,
Kubura

Kankia, 21 ga Yuli, 2023

Gwaggo Kubura,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Na yi turaren don biyayya. Kowa lafiya, sai Zuhura da ta yi mura kwana biyu, ta warware.

Ina jin ban yi bayani da kyau ba, har kika ɗauka iska nake nufi. Matar ba ta motsi, ba ta yi mini magana, ba na mafarkinta. Launi kawai nake gani.

Na koma asibitin ido ranar Talata. Likita ya ce yanar ido ta fara fitowa a idon hagu, kuma takan sa mutum ya ga abubuwa da ɗan rawaya. Na yi murna da jin haka har na iso tasha. A mota sai na tuna cewa yanar ido ba ta zaɓe. Da ita ce, da turmin da rijiyar da fuskar matar duk sun yi rawaya. Na rufe idon hagu na duba da na dama. Kwanon yana nan yadda yake.

Sai na yi abin da tela ya iya. Na sayo zare ruwan ɗorawa kala bakwai, na jera su a kan tabarma a tsakar gida bayan la'asar, don in ga wanne ya dace da abin da nake gani. Na zaɓi na uku, na rubuta lambarsa. Hoton yana aljihuna, ban nuna wa Inna ba, na kiyaye maganarki. Amma ta fito za ta yi alwala. Inna da ba ta bambance ni da maƙwabci sai na yi magana, ta tsaya cak a kan tabarmar.

Ta ce, "Wa ya shigo da launin nan gidan nan?"

Na ce, "Zare ne, Inna, na aiki."

Ta ce, "Kwashe." Ta juya ta koma ɗaki. Butar ma a nan ta bar ta.

Gwaggo, shekarata hamsin da biyu, sai ranar na lura babu abu ɗaya ruwan ɗorawa a gidanmu. Ba buta, ba tabarma, ba zane. Zuhura ta tuna mini cewa da aka kawo ta, akwai jerin kwanoni rawaya a kayan ɗakinta, Inna ta sa aka musanya su kafin kwana bakwai. Ta ce, "Ni na ɗauka mulkin uwar miji ne, na haɗiye." Ni kaina, duk wanda ya kawo mini yadi mai wannan launi, maƙwabcina nake tura wa, ina cewa yana sa ni ciwon kai. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Akwai wasu abubuwa biyu, ki gafarce ni. Na farko, gefe uku na hoton suna da ƙananan haƙora irin na mai hoto. Gefe na huɗu an yanke shi da almakashi marar kaifi, cizo uku, na san aikin almakashi. Hannun hagu na matar ya miƙe zuwa wurin yankan, tafin yana kife, kamar ta ɗora shi a kan wani abu da bai kai tsayin turmi ba sosai. Na biyu, kin rubuta cewa ta rasu kafin in yi wayo. Ba ki ce kafin a haife ni ba.

Kuma ba ki faɗi launin kwanon ba.

Ɗanki,
Abdulmannan

Kankia, 13 ga Agusta, 2023

Gwaggo Kubura,

Assalamu alaikum. Mako uku ke nan Sagir yana dawowa hannu wofi. Ya ce ya gan ki zaune a ƙofar gida kina tsinar zogale, lafiyarki ƙalau, kin karɓi takardar kin sa a ƙarƙashin tabarma. Na gode wa Allah da ba ciwo ba ne. Saura ke nan ɓacin rai, kuma ni na jawo. Na yi miki tambaya kamar alƙali, alhali ke uwa ce. Ki yafe mini.

Ba sai kin wahalar da kanki ba. Shekaranjiya da hantsi Inna ta kira ni ɗakinta, ta zaunar da ni, ta gaya mini abin da ya faru ina ƙarami. Ta yi kuka, na ba ta haƙuri. Na fahimta, na kuma karɓa.

Gero ya fara fitar da kai. Kowa yana gaishe ki.

Ɗanki,
Abdulmannan

Kusada, 20 ga Agusta, 2023

Abdulmannan,

Wa alaikumus salam. Ba fushi na yi ba, ɗana. Alkawari ne ya ɗaure mini hannu. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Amma tunda Rahamatu ta buɗe baki da kanta, nauyin ya sauka daga kaina, alhamdulillahi. Shekara arba'in da tara ina ɗauke da shi.

Yadda ta gaya maka, haka ne. Iyatu ita ta haife ka, a nan Kusada, a ɗakin da ke kallon rijiyar. Rahamatu ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan rasuwar, manya suka ba ubanka ita don ta riƙe ɗan yayarta, kada ka faɗa hannun bare. Ita ma da son ranta ta karɓa, ita ta ce a ba ta kai. Allah bai ba ta haihuwa ba, bai kuma taɓa sa ta kuka da hakan a gabanmu ba. Kada ka rage mata komai.

Ban san ko ta gaya maka dalilin ɓoyewar ba. Shekararka uku. Daga ranar da ta rasu ka daina magana, ko "Inna" ba ka cewa, har shekara ta zagayo. Kwanon nan kuwa ka rungume shi, da shi kake yini, da shi kake barci, ba ka yarda a zuba komai a ciki. Tun ranar da aka raba ka da shi, in ka ga mai irin launinsa ko a kan tallan wata ne, sai ka ƙame ka shiɗe. Kakanmu ya tara mu a zaure, ya ce a kai yaron Kankia, kada wanda ya sake ambaton Iyatu a gabansa, ko Allah zai sa ya manta ya yi magana. Muka yi alkawari. Ka manta, ka yi magana. Muka ce magani ya yi.

Hoton, wata biyu kafin rasuwarta aka ɗauka. Ni na yanke shi, da almakashin kakarmu. Kanka ne a ƙarƙashin hannunta. Ubanka ya ƙi yarda a ƙona, ya ce a bar masa ita ko da rabi ne. Guntun da kake ciki na rasa inda zan kai shi, sai na jefa a rijiyar ranar da ake cike ta.

Kwanon ruwan ɗorawa ne. Da na karanta wasiƙarka ta farko sai da na zauna a ƙasa.

Ni aka ba shi in jefar, na kasa. Na soke shi a rufin madafa, can ya zauna. Ga shi na naɗe a tsumma na ba Sagir. Naka ne.

Yadda ta rasu kuwa, tunda Rahamatu ta gaya maka, kada ka sa ni maimaitawa. Hannuna ba zai rubuta ba.

Gwaggonka,
Kubura

Kankia, 27 ga Agusta, 2023

Zuwa ga Gwaggo Kubura, Kusada.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Saƙonki ya iso ranar Lahadi, takarda da ƙunshi. Na yi mako ban amsa ba domin ina son hankalina ya kwanta tukuna. Jikinmu lafiya. Inna gwiwar ta yi sauƙi.

Gwaggo, wajibi ne in fara da gyara, kuma laifin nawa ne, domin na taƙaita inda bai kamata ba. Abin da Inna ta gaya mini ranar nan shi ne: ina ƙarami na yi wata doguwar rashin lafiya, ba na son launin nan, in na gan shi sai in shiɗe, shi ya sa ta hana shi shiga gida. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ambaci Iyatu ba. Ba ta ambaci Kusada ba. Daga takardarki na ji.

Kada ki zargi kanki. Ba ki karya alkawari da gangan ba, ni na buɗe miki ƙofar da kika ɗauka a buɗe take.

A shago na kwance ƙunshin, da rana tsaka, na kira Zuhura ta zama shaida. Ta ce, "Wannan ai gawayi ne, Malam." Gaskiyarta. Hayaƙin shekara arba'in da tara ya rufe shi, fentin ya zube, tsatsa ta ci gindin. Na san baƙi ne, hannuna ma ya yi baƙi da na taɓa. Amma ina kallonsa ina ganin ruwan ɗorawa a ƙarƙashin baƙin, kamar fitila a bayan labule. Kafin in juya shi na ce wa Zuhura akwai lotsawa a gefe, daidai inda babban yatsa yake zama. Ta juya shi. Lotsawar tana nan. Yatsana na yanzu ya yi mata girma.

A ƙarƙashin leɓen kwanon na kankare da allura, na sami fentin asali, bai fi ƙwayar gero ba. Na ɗauko zaren nan na uku da na zaɓa tun watan Yuli, na kara. Zuhura ta duba, ta sake dubawa, ta ja mayafinta ta koma gida.

Ƙasidar ta yi gaskiya ke nan. Ba iska ba ce, ba yana ba ce. Idona ya san abin da aka hana ni sani.

Kwanon yana shago cikin akwatin zare, ban kai shi gida ba. Ban ce wa Inna komai ba. Ina kai mata kunu da safe kamar kullum, ina kiranta da sunan da na saba, kuma ba ni da niyyar canzawa. Amma jiya da na ajiye mata kofin, ta kamo hannuna ta riƙe.

Ta ce, "Abdu, kwana biyun nan ka yi shiru."

Na ce, "Aiki ne, Inna."

Ta ce, "Yi mini magana. Ko mece ce, ka yi magana. Irin shirun nan naka ba na son sa."

Na zauna na yi ta ba ta labarin gona da farashin yadi har ta saki hannuna.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin dalilin wannan takarda. Tun ranar da kwanon ya iso, ba shi kaɗai ne mai launi a hoton ba. Mayafin ma ya fara. Turmin toka ne, bango toka ne, fuskarta toka ce, mayafin kuwa ina ganin launinsa. Ba zan rubuta miki shi a nan ba, kada in sa miki shi a baki. Na rubuta a wata takarda, na rufe a ambulan, na sa kwanan wata, na ba Zuhura ta ajiye. Abin da zan iya faɗa shi ne launin ya fi yadda ya kamata duhu. Na yi shekara talatin ina taɓa yadi, na san yadda launi yake komawa idan yadi ya sha ruwa. A hoton rana ake yi, inuwarta tana ƙasa, mayafin a bushe yake. Ni kuwa a jiƙe nake ganinsa.

Na lura kuma, ban taɓa jan ruwa a rijiya ba tunda nake. Inna ba ta bari, ni ma ban taɓa so ba.

Don haka ina roƙonki, don girman Allah da zumuncin da ke tsakaninmu, ki amsa mini waɗannan a rubuce, ba ta waya ba, ba ta bakin Sagir ba:

1. Cikakken sunanta da na mahaifinta, domin shekara arba'in da tara ɗanta bai ambace ta a addu'a ba.

2. Inda kabarinta yake, idan akwai mai iya nunawa.

3. Shawararki game da Inna: in gaya mata na sani don ta sauke nata nauyin, ko in bar ta da abin da ta gina, tunda don ni ta gina shi.

4. Launin mayafin da Iyatu ta yafa a hoton.

5. Ranar da ta rasu, ina nake zaune, kuma me nake kallo?

Sagir zai biyo ta wajenki ranar Laraba. Na ce masa ya jira, ko zai kai la'asar.

Ɗanki mai jiran amsa,
Abdulmannan